Bokiti, Shawa Ko Baho: Wanne Ya Fi Cin Ruwa?

Jawabin kwamitin gyaran gidan wanka, wanda aka gabatar a taron ƙungiya a Zangon Agege, Ikko

 

  

Kowa dai ya san abin da ya tara mu. An yanke shawarar rushe tsohon gidan wankan nan na bayan masallaci a sake gina shi, kuma tun ranar da aka fara maganar kawunan jama'a suka rabu. Matasa sun ce zamani ya zo, a sa shawa a kowane ɗaki. Dattawa sun ce a bar mana bokitinmu da moɗarmu. Akwai ma wani bawan Allah da ya kawo shawarar a yi ɗaki ɗaya mai baho irin na otel, wanda mutum zai shiga ya kwanta a cikin ruwa, wai saboda manyan baƙi. An ɗora wa wannan kwamiti nauyin ya duba abu ɗaya tak, wato wanne ne a cikin ukun ya fi cin ruwa, domin ruwan nan ba daga sama yake sauko mana cikin tanki ba, da kuɗin ƙungiya ake jawo shi.

Bari mu fara da ƙasashen da wannan gardama ta fito, don ba tamu ba ce tun asali. A Ingila da Amurka ne aka daɗe ana ja-in-ja tsakanin masu baho da masu shawa, kuma abin da aka saba gaya wa mutanensu shi ne shawa ta fi tattalin ruwa. Maganar tana da tushe. A Ingila ana ƙiyasta wankan baho ɗaya a kan lita 80, wato jarka uku da ɗoriya idan muka auna da jarkar nan mai lita 25 da 'yan garuwa ke turawa. Shawa kuwa, tun 1992 Amurka ta yi dokar da ta hana sayar da kan shawar da ke zubar da fiye da galan biyu da rabi a minti ɗaya, wato kimanin lita tara da rabi. Mutum ya yi minti biyar a ƙarƙashinta, ya sha ƙasa da lita 50. Kun ga ai shawa ta ci gasa.

To amma fa wa ya ce mutum minti biyar yake yi? A 2011 kamfanin Unilever ya sa na'urori a banɗakunan wasu gidaje a Ingila domin a ga abin da mutane ke yi a zahiri, ba abin da suke faɗa da baki ba. Sai aka tarar matsakaicin wanka minti takwas ne, yana cin wajen lita 62, ya kusa kamo baho ke nan. Masu shawar da aka haɗa wa inji don ƙara mata ƙarfi kuwa, a minti takwas ɗin nan suna zubar da har lita 136, sun wuce mai baho nesa ba kusa ba. Ashe ke nan ba sunan abin ba ne ke tattalin ruwa. Abubuwa biyu ne kawai: yawan ruwan da ke fita a minti ɗaya, da yawan mintocin da mutum ya tsaya. Shawa mai lita tara da rabi, da ta kai minti takwas da rabi ta cika baho. Mai lita 15 kuwa ko minti shida ba ta kaiwa.

Wannan lissafin Turawa ne, kuma a cikinsa babu bokiti sam, don su ba su san shi a matsayin abin wanka ba sai in wata masifa ta faru. Mu kuwa da shi muka tashi. Bokitin da aka saba wanka da shi yana ɗaukar lita 10 zuwa 20, mu ɗauki 15 a tsakiya. Babban mutum ya shiga da shi, ya jiƙa jiki, ya saɓa soso da sabulu, ya ɗauraye tas, wani lokaci har ya rage na wanke silifa. Ba wai don mai bokiti ya fi mai shawa hankali ko tsoron Allah ba ne. Dalili shi ne bokiti yana da gindi, kuma idonka na ganin gindin nan yana matsowa. Kowace moɗa ka ɗiba ka san saura nawa. Ita shawa ba ta da gindi. Tankin yana can bisa rufi inda ba ka ganinsa, ruwa na sauka a ka, ga sanyi ga daɗi bayan an sha zafin Legas da cunkoson mota, mutum har ya fara tunanin bashin da yake bin wani a kasuwa bai san minti goma ta wuce ba.

Sai dai kada mu ɗauko alƙaluman Ingila mu ɗora wa gidajenmu kai tsaye. Shawarmu ta nan yawanci daga tankin sama take samun ruwa, ƙarfinta kuma ya danganta da tazarar da ke tsakanin tankin da kan shawar. In tazarar mita biyu ce ko uku, ruwan a hankali yake zuwa, bai kai na Turawa ba. Shi ya sa muke roƙon duk mai shawa a gidansa ya gwada da kansa, gani ya kori ji. A tara bokiti a ƙarƙashinta, a buɗe kamar yadda aka saba buɗewa, a duba agogo minti ɗaya cif, a rufe, sannan a auna ruwan da gorar ruwan sha mai lita ɗaya da rabi. Gora huɗu lita shida ke nan. Daga nan sai a sa yaro ya riƙe agogo a ga minti nawa maigida ke yi a ciki, in dai maigidan zai yarda a faɗa masa gaskiya. Kuma mu lura, shawa marar ƙarfi tana da nata sharrin: sabulu ba ya fita da wuri, sai mutum ya daɗe. In mai gida ya gaji da ƙorafin 'yan haya ya sa injin ƙara ƙarfi, to an koma lissafin lita 136 ɗin can.

Mu kawo abin gida. A ce gida mai mutum takwas, kowa na wanka sau biyu a rana, safe da yamma, kamar yadda zafin nan ke tilasta mana. Wanka goma sha shida ke nan. Da bokiti mai lita 15, an sha lita 240. Da shawa mai lita shida a minti, kowa ya yi minti takwas, an sha lita 768. Da baho mai lita 80, an sha lita 1,280. Tankin nan baƙi mai lita 1,000 da ke bisa gidaje da yawa zai yi wa masu bokiti kwana huɗu, masu shawa kwana ɗaya da 'yan awoyi, masu baho kuwa ko yini ba zai kai musu ba. Ba a sa girki ba, ba a sa wanki ba, ba a sa bayan gida ba.

Jama'a, mu mun fi kowa sanin ma'anar waɗannan alƙaluma a garin nan, don kuwa da yarenmu ake kiran mai sayar da ruwa a Legas. Bayarabe ya ce mairuwa, Inyamuri ya ce mairuwa. 'Ya'yanmu ne da ƙannenmu, daga Katsina da Sakkwato da Zamfara da Jigawa har da Maraɗi da Damagaram. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Jarka ɗaya kilo 25, kura mai jarka goma kilo 250, ban da nauyin ƙarfen kurar. Gidan can mai mutum takwas, in bokiti suke yi, kura ɗaya ta ishe su wanka. In shawa ce kura uku, in baho ne kura biyar. Wani zai ce ai kasuwa ce ta buɗe wa yaron. Haka ne, amma a tambayi mai biyan kuɗin, a kuma tambayi bayan yaron da gwiwoyinsa idan ya kai shekara arba'in.

Abin mamaki, muna zaune ne a maƙwabtan tsohuwar ma'aikatar ruwa ta garin nan. Ma'aikatar Iju, wadda aka buɗe a 1915 zamanin Gwamna Lugga, ga ta nan kusa da mu, kuma tun kafin a gama ta mutanen Ikko suka yi bore a 1908 kan harajin ruwan da Turawa suka ce a biya. Daga baya an faɗaɗa ta zuwa galan miliyan 45 a rana, aka kuma ƙara ta Adiyan mai galan miliyan 70 a farkon shekarun 1990, dukansu suna jan ruwa daga kogin Ogun. Amma garin ya fi ƙarfin famfunansa. A 2016 wani jami'in Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da haƙƙin samun ruwa ya ce kimanin kashi 10 cikin 100 ne kacal na mutanen Legas ke samun ruwan hukuma. Sauran duk rijiya ce, da rijiyar burtsatse, da tankar ruwa, da mairuwa. Rijiyar burtsatse kuma da ruwan ciki akan ja nata, sai da wuta ko janareta. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, ma'ajin ƙungiya ya san abin da tayar da janareta sau biyu a rana ke nufi. A watan Afrilun 2024 kuma aka ɗaga kuɗin wuta na masu rukunin farko daga Naira 68 zuwa Naira 225 kowane yunit. Mai son ruwan ɗumi ya sani, ɗumama lita 60 daga sanyin tanki zuwa ɗumin wanka yana cin wajen yunit ɗaya, alhali mai bokiti tafasa ɗaya a buta ya sirka ya wadatar da shi.

Akwai kuma abin da ba a cika tunawa ba: duk ruwan da ya shiga banɗaki sai ya fita. Mu da muke fama da kwatar da ba ta tafiya, da ramin ruwan datti da ke cika kafin damina ta raba, in muka ninka ruwan wanka sau uku mun ninka na kwata sau uku. Ba mu manta da kwalarar da ta ɓarke a jihar nan a watan Yunin 2024 ba. Inda ruwan datti ke kwanciya kusa da bakin rijiya, nan cuta ke samun ƙofa.

In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Birnin Cape Town na Afirka ta Kudu, birni ne na masu baho da shawa da tafkin ninƙaya a cikin gida. Bayan fari na shekara uku a jere, madatsun ruwansu suka kusa ƙafewa, har hukuma ta sa ranar da za a rufe famfunan gari a cikin watan Afrilun 2018. Daga ranar 1 ga Fabrairun shekarar aka ƙayyade wa kowane mutum lita 50 a rana, jarka biyu ke nan, ci da sha da wanka da wanki duka. Me suka koma yi? Wankan da bai wuce minti biyu ba, kuma da bokiti a ƙarƙashin ƙafa ana tare ruwan don a kora bayan gida da shi. Suka rage ruwan da birnin ke sha da fiye da rabi, ranar rufe famfon ba ta zo ba. Wato abin da wasu yaranmu ke jin kunyarsa, suna cewa ƙauyanci ne, shi masu kuɗin duniya suka rungume da wuya ta yi wuya. Ita lita 50 ɗin ma ba da ka aka tsinto ta ba. Wani masanin harkar ruwa ɗan Amurka, Peter Gleick, ya lissafa a 1996 cewa ita ce mafi ƙarancin abin da ɗan Adam ke bukata a rana, kuma a cikinta lita 15 ya ware wa wanka. Bokitinmu ke nan daidai wa daida.

Allah ya gafarta malamai, nan fagenku ne, amma ku ba mu izini mu taɓa kaɗan tun da gidan wankan na masallaci ne. Ya tabbata cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, yana alwala da mudu ɗaya, yana wanka da sa'i ɗaya zuwa mudu biyar, kuma duk wanda ya karanta babin tsarki a Risala ya ci karo da wannan awo. Sa'i kuwa kowa ya san shi, shi muke aunawa a zakkar fid-da-kai, mudun Annabi huɗu. In aka zuba masa ruwa bai fi lita uku ba. A ƙasar Hijaz ne, inda ruwa ke da wuya, amma malamai ba su ce hukuncin barin ɓarna ya tsaya a hamada ba. Sannan a mazhabarmu ta Malikiyya cuɗa jiki wajibi ne a wankan tsarki, ba tsayawa kawai ruwa na zuba ba, kuma ruwan da sabulu ya canja masa launi ko ƙamshi ba a ɗauke hadasi da shi. Wannan kaɗai ya isa ya nuna matsalar baho gare mu: wanda ya kwanta cikin lita 80 na ruwan kumfa, in ya tashi sai ya sake neman wani ruwan mai tsarki. Ya biya sau biyu. Don haka maganar baho dai, da izinin wanda ya kawo ta, kwamiti ya ajiye ta gefe. Baƙon da ke son baho, otel na nan a Ikeja.

Yanzu kada matasa su ce mun zo ne mu kashe musu shawa. A'a. Akwai wankan da shawa ke doke bokiti, kuma sojojin ruwa ne suka shahara da shi saboda ƙarancin ruwan daɗi a cikin jirgi. Ka buɗe rabin minti ka jiƙa jiki, ka rufe. Ka yi saɓi a natse famfo na rufe. Ka sake buɗewa minti ɗaya ko ɗaya da rabi ka ɗauraye. Da shawa mai lita shida, lita 12 ka sha, ƙasa da bokiti. Bugu da ƙari, muna da dattawan da sunkuyawa ta zame musu aiki, da masu ciwon baya, da waɗanda shanyewar ɓarin jiki ta taɓa, da mata masu tsohon ciki. Ɗaukar kilo 15 a kan siminti mai santsi ba wasa ba ne ga irin waɗannan. Ga su shawa rahama ce, musamman in akwai wurin zama da ƙarfen dafawa. Bokiti ma yana da nasa laifin. Wanda mutum ɗari suka yi amfani da shi ba a wanke ba, ba abin alfahari ba ne. Kuma iyayenmu mata, don Allah a kula: yaro mai rarrafe yana iya faɗawa da ka cikin bokitin da ruwansa bai kai rabi ba, ya kasa fitowa. A kife bokiti in an gama, a rufe randa da duro, wanda hakan kuma yana hana sauro wurin ƙyanƙyasa.

Matsalar dai ita ce gidan wankan jama'a ba banɗakin gidanka ba ne. Direban da ya kwana uku a hanya daga Maiduguri, ko fatake da suka sauke shanu a Oko-Oba, in sun biya kuɗin wanka sun shiga, wa zai tsaya musu a ka ya ce a rufe famfo lokacin saɓi? Mutum na ganin ya biya. A ce mutum 200 ne ke shiga a rana, ƙiyasi ne kawai don lissafi ya fito. Da bokiti lita 3,000, tanki uku. Da shawa sakaka ta minti takwas lita 9,600, kusan tanki goma. Ko dai a ninka kuɗin wanka, talaka ya koma wanka a bakin kwata da daddare, ko kuwa asusun marayu ya koma sayen man janareta. Kuma mun ga yadda kan shawa da famfo ke ƙarewa a wurin da ba na mutum ɗaya ba. Famfon da ke ɗiga sau ɗaya a kowace daƙiƙa yana zubar da kimanin lita 30 a rana, wankan mutum biyu, ba tare da kowa ya jiƙa ko yatsa ba.

Saboda haka abin da kwamiti ke gabatar wa wannan zama shi ne, a yawancin ɗakunan a sa famfo ƙasa-ƙasa daidai tsayin bokiti, don kada kowa ya sake ɗaukar ruwa daga tsakar gida, a kuma sayi bokitai masu lita 15 waɗanda mai gadi zai riƙa wankewa da ruwan bilic kowace safiya. Ɗaki biyu a ɓangaren maza, biyu a ɓangaren mata, a sa musu shawa irin wadda ake dannawa ta zubo na ɗan lokaci ta tsaya da kanta, tare da dakalin zama, a fifita tsofaffi da marasa lafiya. Ta fi ta murɗawa tsada a saye, mun sani, amma ita ce ke yi wa shawa gindi. Muna kuma neman a sa mita a bakin bututun da ke fitowa daga tanki, sakatare ya riƙa rubuta abin da ta nuna kowace Juma'a. In an yi wata shida, a kawo littafin gaban wannan zama. Idan alƙaluma suka nuna ɗakunan shawa ba su fi na bokiti ci ba, kwamiti zai zama na farko da zai ce a ƙara su, kuma mun riga mun gaya wa mai aikin famfo ya bar bakin bututu a bangon kowane ɗaki don kada a sake fasa gini.

Takardar kuɗin kayan aiki tana hannun ma'aji, duk mai son dubawa ya same shi bayan sallar La'asar. Ranka ya daɗe, iyakar abin da ke tafe da mu ke nan, mun miƙa wa shugaban taro don jin ta bakin jama'a.